Tiyatar da Na Yi wa Kafet ɗin Mama Rahila

Ba zan taɓa mantawa da daminar 1986 ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. A lokacin muna zaune a Barnawa, ni da matata Hajara, ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Idan mutum ya ji an ce masaƙa sai ya ɗauka inji nake sarrafawa. Ba haka ba ne. Aikina ninke atamfa: a turo mini ita, in ninke, in manna mata takarda, in tura gaba. Shekara tara ina wannan. Amma a unguwa sunana Injiniya, saboda wata rana rediyon wani maƙwabci ya yi shiru, na buɗe bayansa na juya batir ɗaya da aka sa a baibai, ya kama magana. Tun daga ranar sunan ya bi ni, ni kuma (Allah ya yafe mini) ban taɓa ce wa kowa ba haka abin yake ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da Baba Yohanna, wani dattijo mutumin Kudancin Kaduna da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. A zamanin, kogi bai raba garin gida biyu ba tukuna, Musulmi a tsallake ɗaya Kirista a ɗaya. Da Kirsimeti shinkafarsu ta shigo mana, da Sallah namanmu ya shiga musu. Matarsa, Mama Rahila, ita ta zame wa Hajara uwa tun muna sababbin aure. Ta rasu a watan Agustan shekarar da ta gabata, ta bar dattijon shi kaɗai a gidan, don 'yarsu guda, Rifkatu, tana aikin jinya a Jos.

Mama Rahila ta yi shekaru tana suyar ƙosai da doya a bakin titi, kuma abin da ta fitar daga kaskon nan shi ne kafet. Ja ne, daga bango zuwa bango, irin wanda a layinmu babu mai shi sai ita. Ba a taka shi da takalmi, ko fasto ne sai ya tuɓe a bakin ƙofa. Bayan rasuwarta Baba Yohanna da kansa yake share shi kowace safiya, da wata 'yar tsintsiya mai laushi da ba a taɓa fita da ita tsakar gida ba.

Wata Litinin da rana ya tafi Romi duba abokinsa marar lafiya, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lambatun layinmu ya toshe da shara, ruwan ya rasa hanya, ya bi ta ƙarƙashin ƙofarsa. Da na dawo daga aiki wajen la'asar na tarar da shi tsaye a tsakiyar falo, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ruwa har idon sawu. Yana riƙe da kwano amma ba ya kwashewa, kallon ƙasa kawai yake yi. Na ji tausayinsa sosai, wannan kam gaskiya ne, kuma ina so a rubuta mini shi kafin a ji sauran.

Na ce, "Baba, sannu da wannan abu."

Ya ce, "Yawwa, Injiniya. Ka ga Asabar ne taron Mamanku, shekara ɗaya. Matan zumunta na cocinmu za su zo, 'yan gida ma za su zo. A ina zan ajiye su?" Sannan ya ce zai aika a kira Mista Ayuba, wani mutumin Filato da suke coci ɗaya. "Shi ya shimfiɗa shi tun farko. Shi ya san kansa."

A nan ne ya kamata in ce Allah ya kawo shi lafiya, in ɗauki bokiti in taya kwasar ruwa. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Baba, ina raye za a je nemo wani? Kafet ai saƙa ce, saƙa kuwa aikinmu ne."

Ya dube ni. Ya ce, "To ka bi shi a hankali, ɗana. Abin da ta bar mini ke nan."

Na ce, "Ka sa a ranka an gama."

Da na gaya wa Hajara, tana haɗa kaya za ta Unguwar Mu'azu wajen ƙanwarta da ta haihu, sai ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta ce, "Malam, yaushe ka taɓa shimfiɗa kafet? Mu da ko na leda ba mu da shi?" Na ce mata kafet ba komai ba ne illa tabarmar da ta yi boko, kuma yadda ake yi wa tabarma haka za a yi masa: a wanke, a shanya, a mayar. Ta ce, "Karambanin akuya dai," ba ta ƙarasa ba, ta ɗauki jakarta. Da tana gida a makon nan da ba a kai inda aka kai ba.

Na karɓi hutun kwana huɗu a wurin aiki (na ce musu surukata ce ba lafiya, baiwar Allah tana can Zariya garau). Ranar Talata na samo abokan aikina biyu muka fitar da kujeru, muka kama gefen kafet muka ɓamɓaro shi daga gam ɗin da aka liƙe shi da shi. Ban sa alamar gefen da ke kallon ƙofa ba, ban auna komai ba. Da za mu fitar da shi, ɗayansu ya ce a naɗe shi. Na ce masa ya bari masu sana'a su yi magana. Na ninke shi gida takwas, tsaf, yadda nake ninke atamfa, har da dannawa da gwiwar hannu don layin ya fita. A ƙarƙashinsa muka tarar da wani soso shimfiɗe, ya sha ruwa ya yi nauyi. Na yi nazari irin na injiniyoyi, na ce aikin soso ai shan ruwa ne, a bar shi yana aikinsa.

Sai wanki. Na dafa ruwa a babbar tukunyar da ake girkin biki, na zazzaga garin sabulu, na ari burushin wanke mota, na duƙa. Jan ruwa ya riƙa bin lambatu kamar an yanka rago, ni kuwa ina ganin datti ne yake fita. Laraba muka ɗora shi a kan kwanon rufin gidan, rana ta buɗe, kwano ya ɗau zafi, ina ƙasa ina jin daɗin dabarata. Alhamis aka sake ruwan sama a kansa. A ranar ne Baba Yohanna ya tafi ƙauye ɗauko yayarsa da sauran dangi, ya ba ni makulli, ya sake cewa in bi a hankali.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ce ko ya bushe ko bai bushe ba sai ya koma ɗaki. Muka sauko da shi muka warware. Ashe bayan kafet irin zaren buhun algarara ne, kuma algarara in ta sha ruwan zafi ta sha rana sai ta tsuke. In muka kai shi bangon gabas, na yamma ya bar fili ya fi taƙi guda. Muka ja, muka yi nishi, ya ƙi. Inda na ninke kuwa duk ya tashi layi-layi, kunyoyi a tsakiyar falo kamar gonar dawa (kunyar farko ke nan, ta biyu tana tafe). Abokaina suka tuna suna da uzuri suka tafi. Na tura doguwar kujera da kabad na rufe inda soson ya fito, na jera sauran kujerun a kan kunyoyin, na ja baya na duba. Ba laifi, in mutum bai kalli ƙasa ba.

Sai idona ya kai bakin taga, kusa da wani ɗan tebur da ake ajiye Littafi Mai Tsarki a kai. Wuri biyu ne a jere, kowanne kamar faɗin tafin hannu, gashin kafet ɗin ya cinye har zaren ƙasa ya fito. Na ce shi ke nan, burushin nan ne ya yi mini aika-aika, gobe kowa zai gani. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni kuwa da reza na naɗe tawa. Na sayo sabuwa, na yanke wurin murabba'i guda, na janye kabad na yanko daidai shi daga inda ba a gani, na shafa gam na liƙa. Facin ya fi sauran ja, don daga lungun da ba a takawa na yanko shi, amma na ce wannan ai ado ne. Guntun da na cire kuwa ban yar ba, ni ba almubazzari ba ne. Na kai shi ƙofar gidana na shimfiɗa, ga damina ga laka, na goge takalmina a kai na shiga.

Asabar da safe Baba Yohanna ya iso da danginsa. Ya tuɓe takalmi ya shiga falon shi kaɗai, ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallon wajen taga. Da ya fito ya ce, "Ka sha aiki, Injiniya." Na ce ai ba komai, yi wa kai ne. Na koma gida na sa farin kaftanina na Sallah.

Kafin azahar gida ya cika. Rifkatu ta zo daga Jos, matan zumunta sun zo cikin anko, Hajara ta wuce kai tsaye daga Unguwar Mu'azu zuwa bayan gidan tana taya girki. Kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa yadda marigayiya ta saba musu, kuma kowa ya taka sai in ga ya ɗaga ƙafa ya duba tafinta. Ɗakin yana wani wari na jiƙaƙƙen buhu, an buɗe tagogi duka bai fita ba. Ina zaune kusa da ƙofa cikin maza, sai wani gajeren mutum mai furfura ya danna babban yatsansa a ƙasa, ruwa ya tsattsafo ya kewaye yatsan. Mista Ayuba ke nan.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Na gyara zama na ce, "Ni ne."

"Oga, ka cire andale?"

"Na cire me?"

"Soson da ke ƙasa. Ka bar shi a jiƙe ka rufe?" Ya girgiza kai. Bai ɗaga murya ba, amma ɗakin ya yi tsit ana jinsa. Ya ce soson nan fitar da shi ake yi, a bar siminti ya sha iska kwana uku ko huɗu. Kafet naɗe shi ake yi, ba a ninkewa. Ba ya son ruwan zafi, ba ya son rana, a inuwa ake shanya shi a sa masa fanka. In za a mayar kuma akwai ƙarfe mai haƙora da ake bugawa da gwiwa har ya kai bango. "Wannan ba wanki ka yi masa ba, dafa shi ka yi." Wasu matasa a bayana suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Da na yi shiru a nan, da labarin ya tsaya a abin dariya, a yi mako biyu ana tsokanata a manta. Amma mai neman kare girmansa ba ya ganin rami. Na ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "To Mista Ayuba, ka faɗi na ɓaci, ka faɗi na gyara mana. Dubi bakin taga. Wani wuri ne ya cinye, duk ya koɗe, ko ɓera ne ko mene ne oho. Na yanke shi na sa sabo. Kai kanka ba ka lura ba."

Kowa ya juya wajen taga. Rifkatu ta tashi daga inda take ta je ta tsaya a kan facin, ta dube shi, ta dubi mahaifinta. Ta ce, "Baba, ina wurin Mama?"

Ban gane tambayar ba. Na duba fuskokin matan zumunta na ga su duk sun gane.

Baba Yohanna bai dubi 'yarsa ba, ni ya duba, kuma babu fushi a fuskarsa, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya ce, "Ba ɓera ba ne, ɗana. Gwiwarta ce. Nan take durƙusawa kowace asuba, shekara goma sha ɗaya. Ku ma tana sa ku a ciki, kai da Hajara." Ya nuna gefen facin. "Tun da ta tafi, gefen wurin nake durƙusawa. Ko tsintsiya ba na bari ta taɓa shi da ƙarfi."

Na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ƙasar da ke ƙarƙashina ma jiƙaƙƙiya ce, kuma ni na jiƙa ta. Wata tsohuwa ta fara share hawaye da bakin ɗankwalinta. Rifkatu ta juyo gare ni, ta ce, "Yaya, ina ka kai shi?"

Na so in ce na ƙone shi. Na so in ce ruwa ya tafi da shi. Ƙarya ta zo har bakina, sai na ga Hajara tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu tana kallona, kuma na san da ta koma gida za ta gani. Na ce, "Yana ƙofar gidana."

Ba wanda ya tambayi abin da yake yi a ƙofar gidana. Duk wanda ya taɓa zama a Barnawa da damina ya san abin da guntun kafet yake yi a bakin ƙofa. Hajara ta ce, "Innalillahi," a hankali, ta ajiye farantin.

Tsakanin ƙofarsu da tawa bai fi taku ashirin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Na same shi inda na bar shi, da shatin takalmina na jiya da na yau, jar laka ta bushe a daidai gurbin nan biyu. Na kakkaɓe, na goge da hannun farin kaftanina, lakar ta ƙi fita duka. Haka na ɗauko shi na ratsa ta gaban mutanen da ke zaune a benci a waje, na shiga falo. Baba Yohanna ya miƙe ya karɓa da hannu biyu. Ya sa babban yatsa yana murje sauran lakar a hankali, ya ce, "Na gode da ba ka yar ba." Ya je ya ɗora shi a kan facina, ya durƙusa a gefensa. Matan zumunta suka durƙusa a kewaye, a kan jiƙaƙƙen kafet, ruwa yana ratsa zannuwansu, babu wadda ta matsa. Suka fara waƙa. Ni na fita na tsaya a bayan taga, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ta.

Ranar Litinin Mista Ayuba ya zo da kayan aikinsa, ni na zama lebura. Ya ce ɗauki in ɗauka, ya ce ajiye in ajiye. Muka fitar da soson, ya riga ya fara baƙi, aka yar. Muka naɗe kafet muka kai rumfa, fanka ta yi kwana huɗu a kansa. Da ya tashi mayarwa na ga ƙarfen nan mai haƙora, yana bugunsa da gwiwa yana gumi, kafet yana matsawa kaɗan-kaɗan. Ya yi iya yinsa, amma gefen yamma bai sake taɓa bango ba har abada, kuma jan bai dawo ba. Facina kuwa ya ɓamɓare shi, ya mayar da guntun gurbinsa da allura da zare. Ɗinkin ya fito fili, murabba'i guda a bakin taga, duk wanda ya shigo sai ya gani.

Hajara ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Abu ɗaya ta faɗa, bayan kwana biyu, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba: "Sau nawa nake shiga da sassafe in tarar da ita a wurin, in tsaya sai ta gama. Da ka tambaye ni." Baba Yohanna kuwa bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ya ci gaba da aiko mana shinkafar Kirsimeti, ya ci gaba da kirana Injiniya, da zuciya ɗaya, kuma duk kiran sai na ji shi har cikin ƙashina. Na roƙi 'yan unguwa su daina, suka daina, suka koma kirana Mai Reza.

Yanzu masaƙar ta rufe, mun daɗe da ƙaura zuwa ƙetaren kogi, ban san wanda ke cikin gidan nan ba balle inda kafet ɗin ya ƙare. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na yarda, na sa shi a wuyana na ji nauyinsa. Abin da na ƙara da shi daga wajena shi ne, in ka ga abu ya koɗe a ɗakin mutum, kafin ka tafi sayen reza ka tambayi abin da ya koɗar da shi. Har yau babu abin goge ƙafa a ƙofar gidana. Da damina baƙi su shigo da laka, Hajara ta yi ta mita, ni kuma in ɗauki tsintsiya in share.